Mai Jego a Cikin Teku

Ranar da na dawo Kano daga Zanzibar, ko akwati ban gama kwancewa ba ɗakin ya cika. 'Yan barka da sauka ne, amma kowa da abin da ya kawo ta: wannan tsarabar kanumfari take jira, waccan turare, wata kuma cikon kuɗin atamfa ta riƙo don kada a ce ba ta leƙo ba. Aminiyata ta Yakasai ce ta warce wayar daga hannuna tana shafa hotuna ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan na teku. Ta kai wayar kusa da ido, ta janye, ta goge gilashin da bakin mayafi.

"Hajiya, wannan baƙin ɗigon fa? Ƙuda ne?"

Na ce dolfin ne, uwa ce da ɗanta.

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ashe kuɗin jirgi na ƙona don in ɗauko hoton ƙuda. Wata dattijuwa daga bakin ƙofa ta tambaya ko ayu ne, in kuwa ayu ne, ina man? Na ce a'a, ayu a koguna muka san shi, irin su Binuwai da Neja, ciyawa yake ci. Wannan na teku ne, kifi yake farauta. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu ba kifaye ba ne: haihuwa suke yi, su shayar da nono, kuma dole su ɗago su shaƙi iska kamar ni da ke. Abin da ban faɗa musu ba shi ne akwai wani bidiyo a wayar wanda dolfin ya fito ɓaro-ɓaro, har ƙwayar idonsa ana gani. Tun a cikin jirgi na ɓoye shi can wani lungu.

Autanmu ne sanadin tafiyar. Malamin kimiyya ne, yana cikin waɗanda Najeriya ke turawa wasu ƙasashen Afirka su koyar na ɗan lokaci, Allah ya kai shi Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Ya daɗe yana naci in zo in ga wuri kafin wa'adinsa ya ƙare. Da aka yi hutun Disamba sai na ɗauki ɗana mai shekara 12, mai sunan mahaifinmu, wanda nake kira Babana, muka nufi filin jirgin Malam Aminu Kano cikin hazon hunturu, leɓe duk a tsage. Muka yada zango a Adis Ababa, washegari sai ga mu a wata duniyar da gumi ke tsatsafo wa mutum ko a inuwa yake zaune.

Ba zan tsaya kan tsohon birnin ba, duk da lungunansa sun tuna mini da cikin gari ta wajen Kurmi, in ka ɗebe ƙamshin teku. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yaren. Kunne yana ta tsintar namu a cikin Suwahili: asubuhi, Alhamisi, dunia, hatari. Sai ka ɗauka ka fara ganewa, sannan su zubo maka sauran zancen ka rasa tudun dafawa. Agogonsu ma daban yake, daga fitowar rana suke fara ƙirga. Da mai jirgin ruwa ya ce mu kasance a bakin teku ƙarfe goma sha biyu, na yi murna zan yi barcin safe. Auta ya ce, "Yaya, sha biyunsu shidan safe ne."

Muka bar gari tun duhu, muka ratsa dajin Jozani ba mu ga komai ba sai abin da fitilar mota ta haska, muka yi sallar asuba a hanya. Kizimkazi ƙauyen masunta ne a can ƙarshen kudu na tsibirin, tafiyar awa ɗaya da wani abu. Ko da muka isa bakin ruwan ya cika da ƙananan jirage masu inji a baya, da Turawa riƙe da gilashin ninƙaya da wasu faffaɗan takalman roba kamar ƙafar agwagwa. Aka ɗaura mana rigar hana nutsewa a kan hijabi, na hau da bisimilla da duk addu'ar da na sani. Ni da babban ruwan da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne Tiga.

Matuƙinmu saurayi ne, ba zai wuce ashirin da biyu ba, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ashe da ita matuƙan suke sanar da juna inda aka ga dolfin. Ba mu yi rabin awa ba aka kira shi, ya murɗa inji, jirgin ya ɗaga hanci sama, ruwan gishiri ya wanke mana fuska. Ta ko'ina sai ga jirage suna ɓullowa, duk wuri guda suka nufa. Na ƙirga tara na daina. A tsakiyarsu na hango abin da muka zo nema: bayansu ruwan toka mai sheƙi, kowane da wani abu mai kama da lauje a gadon baya, suna fitowa suna komawa.

Pomboo suke ce musu. "Pomboo! Pomboo!" Jirgi ya sha gabansu, matuƙi ya daka tsawa, mutane su faɗa ruwa rija-rija a kan hanyarsu. Dabbobin su nutse. A tsamo mutane, a jira, can su ɓullo nesa, a sake murɗa inji a bi su. Haka aka yi ta yi.

Gara in faɗi nawa laifin tun kafin in ɗora wa kowa. Da na ga wani jirgi ya riga mu, ni ce na daki kafaɗar Auta na ce, "Gaya masa ya matsa mana, ai mu ma kuɗi muka biya." Ya kalle ni bai ce komai ba. Sai na yi wa yaron nuni da hannu da kaina, na kuma nuna masa jaka. Wannan yaren kowa yana ji. Ya kutsa tsakanin jirage biyu, muka faɗo daidai kan garken, na ɗaga waya. A nan na samu bidiyon nan. Wata babba ta fito dab da mu, ta fesar da numfashi da ƙarfi, ta daki ruwa da wutsiya sau biyu. A jikinta akwai wani ɗan ƙarami, bai fi tsawon hannuna da rabi ba, yana ta ƙoƙarin manne mata. Jirgin gefenmu ya ratsa tsakaninsu. Na ɗan lokaci ƙaramin yana gefe guda shi kaɗai, yana fitowa a gaggauce yana juyawa, farfelar inji tana wucewa ta kusa da shi. Uwar ta zagayo ta tura shi da jiki, suka nutse tare, ba mu ƙara ganinsu ba.

Turawan jirgin can suna tafi. Babana yana tsalle yana cewa, "Umma, kin ɗauka? Kin ɗauka?" Na ce na ɗauka. Amma wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, irin wanda ke tsaya wa mutum in ya buɗe labulen ɗakin da bai kamata ba.

Sai da muka fito tudu, muka zauna a gindin wata ƙatuwar kuka, sannan Auta ya buɗe baki. A nan ƙasar, in ce a wuce, ƙwallon kuka suke tsotsa da jan sukari, ubuyu suke kiransa, ganyen kuwa ko kallo bai ishe su ba, miya guda tana zuba a ƙasa. Auta ya ce, "Yaya, lokacin da kika haifi Babana, wa ya isa ya shigo miki ɗaki da asuba da ganga?"

Na ce ba wanda ya isa. Kwana arba'in Inna tana bakin ƙofa kamar dogari.

Ya ce to wannan da na ɗauka mai jego ce. Cikin wata 12 take yi, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi fiye da shekara ɗaya da rabi, wani lokaci har uku ko fiye. Ɗan ba ya iya dogon iyo shi kaɗai, shi ya sa yake manne a gefenta, ruwan da jikinta ke turawa shi ke jan sa, goyonsu ke nan. Nonon ma a cikin ruwa yake kamawa, yana tafiya, sai uwar ta rage gudu. In ana korar su babu tsayawa, ina zai sha? Ya ce bugun wutsiyar da na gani ba wasa ba ne, kashedi ne. Kuma barcinsu ba irin namu ba ne: numfashinsu sai da niyya, saboda haka rabin ƙwaƙwalwa ke barci rabi yana gadi, suna tafiya a hankali kusa da saman ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ce ga su nan a sake, bari in matsa. Masu bincike da suka shafe shekaru suna bin na wannan yanki sun gano cewa in jiragen baƙi sun kewaye su, hutunsu raguwa yake, tafiya ta ƙaru, kuma matan sun fi shan wahalar abin.

Abin da ya fi shiga jikina shi ne maganar ƙara. Da kunne suke gani, in ji shi. Suna fitar da wani sauti ƙas-ƙas-ƙas, ya daki abu ya dawo, da amsa-kuwwar suke gane kifi da dutse ko cikin duhu. Kowane yana da fito nasa na kansa, tamkar suna, da shi uwa da ɗa ke neman juna. Sauti kuma a ruwa ya ninka na iska gudu fiye da sau huɗu, kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda. Na tuna layinmu in an ɗauke wuta, janareto goma a lokaci guda, kana kiran yaro a tsakar gida ba ya ji. Mu aƙalla muna iya rufe taga.

Na ce to me ya sa gwamnati ba ta hana ba? Ya ce wurin a cikin yankin kariya yake, na Menai, tun 1997, kuma akwai ƙa'idoji: a tafi a hankali, a bi ta gefe ba ta gaba ba, kada a kewaye su, kada a faɗa musu a ka, a ƙyale masu 'ya'ya. Rubutawa daban, bi daban. Wasu ƙasashen sun gaji da roƙo: a New Zealand an hana iyo da irin waɗannan a yankin Bay of Islands a 2019, a Hawai ta Amurka kuma tun 2021 laifi ne mutum ya matsa kusa da wani nau'insu ƙasa da yadi 50. Amma ya ce kada in yi saurin zagin samarin nan. Har tsakiyar shekarun 1990 farautar dolfin ake yi a wannan ƙauye, a ci naman, a sa wani a ƙugiya don kama kifin shak. Kuɗin baƙi ne ya sa aka ajiye mashi. Yaron da ya tuƙa mu da wannan yake ciyar da gida, kuma ya san wanda ya fi kusantar da fasinja shi ke samun ihisani. "Ke ma ai jaka kika nuna masa," in ji shi. Ƙanin da na goya a bayana!

Don in huce muka taka zuwa ɓangaren ƙauyen da ake kira Dimbani, inda tsohon masallacin yake. Daga waje ba za ka ce komai ba, ƙaramin gini ne da rufin kwano da tsofaffin kaburbura a gefe. A ciki, ta wajen mihrabi, akwai rubutun Kufi da aka sassaƙa a dutse mai ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. An sake gina mafi yawansa daga baya, amma rubutun na asali ne. Na tsaya ina lissafi: lokacin nan Gijimasu ne ke sarautar Kano, shi da tarihi ya ce ya fara ganuwa, kuma sauran fiye da shekara 200 kafin Wangarawa su iso zamanin Sarki Yaji. Mu da muke ji da kanmu a addini, ga masunta a bakin teku suna kiran salla tun kafin nan.

A ƙofar masallacin muka haɗu da dattijon. Siriri ne, baƙi wuluk, hula irin tasu mai ɗinki, yana gyaran koma. Auta ya gaishe shi da Mzee, ni na ce masa Baba. Da ya ji abin da ya faru ya yi murmushi, ya ce in muna so gobe ya fita da mu, amma da sharaɗi uku. Ba mai shiga ruwa. Ba mai jefa musu abinci ko miƙa hannu. Kuma ba ya alkawarin za mu ga komai, amma kuɗinsa cif za a biya. Jinin kasuwa ya motsa, na ce wa Auta ya gaya masa a Kantin Kwari ba a biyan kayan da ba a gani ba. Tsohon ya ce kayan ba nasa ba ne, shi jirgi da mai kawai yake sayarwa. Na rasa ta cewa, muka nemi masauki muka kwana.

Jirginsa na katako ne, injin ƙarami, tafiyarsa kamar ta jakin da ya san hanya. Bai bi inda sauran suka bi ba. Da muka yi nisa ya kashe injin, ya zauna ya naɗe ƙafa. Shi ke nan. Rana ta fito, ta fara cizo. Jirgi yana lilo, cikina yana juyawa, na jefa kanumfari biyu a baki. Babana ya ce, "Kawu, wannan tsohon ya san hanya kuwa?" Aka yi awa guda, aka ɗora. Ni kaina na fara lissafin shilin nawa na zubar. Wayar tsohon ta yi ƙara, ya duba, ya mayar aljihu. Ta sake yi, bai ko duba ba.

Kunne ne ya fara sanin zuwansu. Fuuf. Kamar mutum ya daɗe a ƙarƙashin bargo ya yaye. Sannan wani, fuuf, can gefe. Jiya duk hayaniyar nan sau ɗaya na ji wannan sautin, shi ma na fushi ne. Tsohon ya ɗaga tafin hannu, ya sauke shi a hankali, alamar kowa ya zauna yadda yake.

Su bakwai na ƙirga, Auta ya ce takwas. Suna tafe a jere kusa da juna, ba gaggawa, su fito tare su koma tare, tazararmu da su ta kai rabin filin ƙwallo. Daga can ƙarshe akwai uwa da ɗa. In ta fito sai ka ga ɗan ƙaramin lauje ya biyo nata, kamar an ɗinke su. Ko ta jiya ce, Allah masani, amma zuciyata ta ce ita ce. A nan na ɗauki hoton ƙudan, guda biyu, na ajiye wayar a cinya.

Can sai wani matashi a cikinsu ya ware, ya nufo mu don kansa. Ruwan garau yake, ana ganinsa yana tahowa ta ƙasa kamar inuwa. Ya zo dab da katakon, ya kwanta a gefe guda, ya ɗago ido ɗaya ya kalle mu. Akwai ɗigo-ɗigo a cikinsa, da wani tsohon tabo a baya. Babana ya fara miƙa hannu, ban san lokacin da na damƙe masa wuyan hannun ba. Ya ratsa ta ƙarƙashinmu, ya fito ta ɗaya gefen, ya fesar da iska har danshin ya taɓa mini fuska, da ƙarnin kifi, ya koma wajen 'yan uwansa. Ba wanda ya yi magana a jirgin. Tsohon bai taɓa igiyar injin ba sai da suka ɓace wa ido, kuma da ya tayar, baya ya juya, ba inda suka bi ba. Muna komawa muka yi kiciɓis da jirage huɗu a guje, matuƙansu suna yi masa tambaya da hannu. Ya ɗaga kafaɗa.

A mota Babana ya hana kawunsa sakat da tambaya, wai a littafinsu akwai wani mai kama da wannan amma marar dogon baki. Auta ya ce wannan fofos ne, ɗan uwansu ne amma gida daban: ya fi ƙanƙanta, kansa a dunƙule, haƙoransa masu faɗi kamar ƙananan shebur, na dolfin kuwa masu tsini. Babu shi a ruwan Zanzibar. Wanda aka fi sani a ruwan sanyi na Turai yake, yana gangarowa har gaɓar Muritaniya da Senegal. Shi ko wasan zuwa gefen jirgi ba ya yi, ya ji inji ya gudu, saboda haka masu son ganinsa sukan zauna a kan tudu ne da madubin hangen nesa ranar da teku ta kwanta. Akwai wani ƙaramin irinsu a Meziko, vakita, da ragar masunta ta cinye har saura kamar goma a duniya. Babana ya ce, "Goma kawai? Ko 'yan layinmu sun fi su." Daga nan barci ya kwashe shi, kansa a cinyata, gishiri ya bushe fari-fari a gashinsa.

Bayan 'yan barka sun watse a daren da na dawo, aka ɗauke wuta. Muka fito tsakar gida da tabarma, ni da Inna, sanyi yana ratsa zane. Ina share hotunan da suka maimaitu sai na ci karo da wani bidiyo da ban san da shi ba, minti shida. Ashe lokacin da na ajiye wayar a cinya yatsana ya danna. Ba abin da ake gani sai baƙin hijabina, amma ana jin ruwa yana lasar katako, ana jin katakon yana ƙara. Na kai wa Inna kusa da kunne ban ce mata komai ba.

Fuuf. Shiru. Fuuf.

Ta gyara zama. "Wane ne wannan yake numfashi haka? Ba shi da lafiya ne?"

Na ce lafiyarsa ƙalau, hutawa yake yi.

Ta saurara har ya ƙare. Janareton maƙwabta ya tashi, ta yi tsaki, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Mayar da shi farko," in ji ta.